Kula a Cikin Zanen Yaya Hajo

Tun da na dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. A asibiti, a gidan suna, har a wajen niƙa: "Rabi, yaya ƙasar take? Da gaske ne burodinsu ya kai tsawon sanda?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na zauna na rubuta shi daga farko. Karatuna bai yi nisa ba. Abin da na gani zan faɗa, inda ban gane ba kuma in ce ban gane ba.

Ina aiki a wani ƙaramin asibitin mata kusa da Ƙofar Marusa. Ni ba nas ba ce. Ina kiran layi, ina wanke kayan aiki, ina riƙe hannun mai jin tsoro. Nas ɗinmu Sista Rifkatu ce, 'yar kudancin Kaduna, wadda ta daɗe a Katsina har Hausarta ta koma irin tamu.

Sai na fara da Yaya Hajo, don ba don ita ba da ban yi tafiyar ba. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, kuma ita ta raine ni. Ta fi shekara tana ganin jini ba a lokacinsa ba, ba ta faɗa wa kowa ba. Sau ɗaya ta je wani asibiti, da ta ga namiji ne zai duba ta sai ta gyara mayafinta ta dawo gida. Ranar da muka kai ta dole, aka ce sankarar bakin mahaifa ce, kuma ta riga ta yi nisa. Ta rasu bara da farkon damina. Allah Ya jiƙanta.

Bayan wasu watanni wata likita mace ta zo asibitinmu. Ta ce yawanci wata ƙwayar cuta ce ke jawo wannan ciwo, likitoci na kiranta HPV, kuma iri-iri ce. Tana so ta san waɗanne iri ne suka fi yawa a jikin matanmu. Za a ɗan shafo bakin mahaifa da wani siririn tsinke mai buroshi, a sa a 'yar kwalbar roba, a kai ɗakin gwajin da take aiki tare da su a Yamai, inda suke da injin da ke bambance irin.

Mata suka ƙi. Lokacin soja sun riga sun koma bariki, bangon kowane gida ya sha hotunan 'yan takara, kowa ya samu bakin magana. Wasu suka ce so ake a kashe mahaifa. Wasu suka ce 'yan siyasa za a kai wa su yi tsafin cin zaɓe. Muka yi mako biyu muna shimfiɗa zanen gado ba wadda ta hau.

Sai Gwaggo Delu ta aiko a kira ni. Tsohuwar ungozoma ce, rabin unguwar a hannunta suka faɗo duniya. Na same ta tana tsince wake. Bayan mun gaisa ta ce:

"Ke Rabi, ke na sani, ban san likitarku ba. Abin nan da za a ɗiba daga jikinmu, namiji zai gani?"

"Ba zai gani ba, Gwaggo."

"Zai taɓa?"

Na tuna Yaya tana gyara mayafi a ƙofar asibiti. Na ce, "Ba zai taɓa ba."

"To ke za ki kai shi da hannunki. In kin dawo ki zo nan ki dubi idona."

Washegari ita ta fara hawa gadon. Kafin mako ya zagayo kular sanyin da ake jera kwalaben a ciki ta cika. Babu suna a jikin ko kwalba ɗaya, sai lamba. Likita ta rubuta mini takarda da Turanci da Faransanci, Sista Rifkatu ta jera ƙanƙara a gefe da gefe, ta ce kada in bari ta narke duka. Ni kuma na naɗe kular a cikin wani zane mai ruwan goro, ɗaya daga cikin waɗanda suka faɗo mini a rabon kayan Yaya.

Maigidana, Malam Lawal, tela ne a Ƙofar Guga. Shi ya raka ni. Tun daga ƙofar gida ya miƙo hannu zai ɗauka, na ce a'a. Haka muka shiga tashar Jibiya, ni da kula a ka, shi da 'yar jaka da carbi. Wata mai sayar da gyaɗa ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, Allah Ya ƙara lafiyar wuya." Sai da muka zauna a mota ya ce, "Rabi, wannan tafiyar ni zan sha kunyarta, ke ki kwashe ladan."

A bakin iyaka, ta ɓangarenmu, wani jami'i mai fara'a ya tare mu.

"Madam, me ke cikin kula? In abinci ne a sauke. Yanzu dimokuraɗiyya ake, kowa sai ya ci."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da na aure ta shekara ashirin ba a bar ni na taɓa ba."

Jami'in ya yi dariya, ya karanta takardar, ya ce mu wuce. A Ɗan Isa ne abin ya tsaya. Su can kwastan duwan suke ce masa. Jami'in da ke kan aiki bai yi mana wulaƙanci ba, amma ya ce duk abin da aka rufe sai an buɗe. Na ce a buɗe, amma mace ta buɗe. Ya ce macen da suke da ita ta tafi cin abinci, kuma a ƙasarsu in an tafi abincin rana ba a dawowa da wuri. Na ce zan jira. Motarmu ta tafi ta bar mu. Na zauna a gindin wata bishiyar bedi na ɗora kular a cinya, ina sauraron ƙanƙarar tana saki a ciki.

Sai bayan azahar jami'ar ta dawo, doguwa, da kaki da ɗankwali. Ta kai ni wani ɗaki a baya ta rufe ƙofa. Ta kwance zanen a hankali, ta duba kwalaben, ta karanta Faransancin har ƙarshe. Tana mayar da murfin sai ta rage murya.

"In mace tana ganin jini bayan ta sadu da mijinta, shi ne ciwon nan?"

Na ce, "Ni ba likita ba ce. Yana iya zama shi, yana iya zama wani abu. Amma ko wace ce, kada ta jira. Yayata ta jira."

Ba ta ƙara tambaya ba. Da kanta ta ɗaure zanen, ta fito ta tsayar mana da wata motar.

A Maraɗi muka sauka gidan ɗan baffan Malam. Mutanen Maraɗi sun ce su ne Katsinawan asali, mu waɗanda aka bari ne muna gadin ganuwa. Malam ya biye musu suka yi ta musu har aka kawo abinci. Hausarsu tamu ce, sai dai Faransanci ya shige ta kamar yadda Turanci ya shige tamu. Na ce ina neman ƙanƙara, matar gidan ta ce, "A, galas!" ta kai ni wajen maƙwabciyarta mai firiza. Da kaina na zubar da ruwan na jera sabuwa. Dambun zogale aka ba mu, da man gyaɗa da albasa, zogalen ya fi tsakin yawa, ba kamar namu ba. Na ci sosai, don rabona da abinci tun koko a Katsina.

Da safe muka hau babbar mota zuwa Yamai. Can tikiti ake yanka, a kira sunan mutum ɗaya bayan ɗaya, ba ribibi a ƙofa. Masu lodi suka so su sa kular a ƙasa tare da kaya, na ce a cinyata za ta zauna. A Birnin Ƙonni wata mata mai jiki ta shigo ta zauna kusa da ni. Hajiya Kulu, Bakaba ce, kifi take fatauci. Tana jin maganata ta gane ni, kuma kun san abin da ke tsakanin Kabawa da Katsinawa.

"Wayyo, Bakatsina! Ku dai rowa ba ta barinku. Kin rungume abinci kin bar bawan Allah yana hamma."

Na ce, "Hajiya, da kifi ne da tuni hancinki ya gaya miki."

Ta ƙyalƙyale da dariya ta dafa ni. Da na faɗa mata abin da ke ciki sai ta daina wasa. Ta taɓa gefen kular da bayan hannu, ta ce ƙanƙarata ba za ta kai la'asar ba. A Dogon Dutse ta sauka da kanta ta sayo irin wadda take sa wa kifi, dunƙule ɗaya babba, ta nuna mini yadda ake naɗe ta da buhu a jiƙa. Ta ce, "Asibiti kuke, amma sanyi mu muka san shi."

Tsakanin Dogon Dutse da Doso muka tarar ruwa ya cinye hanya. An yi ruwa mai yawa a daren da ya wuce, wani kwalbati ya karye. Motoci sun tsaya a wannan gefe, wasu a wancan. Direba ya ce kowa ya ɗauki kayansa ya ƙetare da ƙafa, motar kamfaninsu na jira a tsallake. Ruwan ya kai cinyar namiji, ja ne, yana gudu.

Na ɗora kular a ka na shiga. Taku huɗu na yi, laka ta kama takalmina, gwiwata ta lanƙwashe. Hajiya Kulu ce ta riƙo ni ta baya muka koma gaɓa. Na sake gwadawa, abin da ya faru ya sake faruwa, wannan karon har kular ta karkata. Na dubi matan da ke wurin, kowace da goyo ko da kaya, ana riƙe da hannunta. Hajiya ma maza biyu ne suka tallafe ta. Masu dakon kaya suka kewaye ni, kowa na cewa a ba shi.

Malam yana tsaye a gefe. Ya naɗe wandonsa, ya cire hula ya sa a aljihu.

Na ce, "Malam, na yi alkawari."

Ya ce, "Na sani, ina nan kika fita yin sa. In ta faɗa ruwa fa, me za ki kai?"

Na duba ɗaurin zanen, na ƙara masa ƙulli biyu. Na ɗaga da hannuna na ɗora masa a ka. Ya shiga ruwan a hankali, hannu biyu a sama. Na bi bayansa ina riƙe da gefen rigarsa. Sau ɗaya na ɗaga kai na ga zanen Yaya yana tafiya a bisa kan namiji, sai na mai da idona kan ruwa. A tsallake ya durƙusa na sauke da kaina. Har muka isa Yamai ba mu yi maganar ba.

Hajiya Kulu ba ta bari mun nemi masauki ba. Ta kai mu gidan ƙanwarta, aka ba mu ɗaki mai fanka. Yamai garin Zabarmawa ne, gaisuwarsu "fofo", amma da Hausa za ka yi ciniki ka tambayi hanya. Burodin da kuke tambaya gaskiya ne, dogo ne, mai ɓawo, a hammata suke riƙe shi ba leda. Malam ya ce wannan ba don mai haƙori irin nasa aka yi shi ba, sai ya jiƙa a shayi. Mata da yawa suna tuƙa babur da kansu, da jaka a kafaɗa, ba mai waiwayarsu.

Da safe muka je ɗakin gwajin. Wuri ne mai tsabta, sanyi kamar cikin randa. Wani mutum mai farar riga da safar hannu ya fito da fara'a, ya ce sunansa Malam Isufu, tun jiya suke jiranmu. Ya miƙo hannu. Na ja da baya.

Na ce, "Likita ta ce mini mace ce ke aikin."

Ya ce, "Madam Fati. Ta haihu, tana gida. Ni na karɓi aikinta."

Na yi masa bayanin alkawarin. Ya saurara, amma na ga ransa ya ɗan sosu.

"Hajiya, ruwa ne kawai a cikin kwalba. Ba fuska, ba suna. Ko an sa mini wuƙa ban san ta wace ce ba."

Na ce, "Gaskiyarka, Malam. Ni na sani. Amma waɗanda suka kwanta aka ɗiba ba kai suka yarda da kai ba, ni suka yarda da ni. In na koma na yi musu ƙarya, ranar da ta fito ba mai sake hawa gadon nan. Kuma na san abin da ke samun mace in ta ƙi hawa."

Sannan ya buɗe wata babbar firiza, ya nuna mini hawa ɗaya da babu komai, ya juya baya. Na sa safar hannu na jera kwalaben da kaina. Ya ba ni abin liƙi na liƙe akwatin, na rubuta sunana a kai. Ya ce a wannan sanyin za su jira ba abin da zai same su.

Da yamma ya kwatanta mana gidan Madam Fati. Na sayi sabulu da turmin atamfa na je barka. Jegonsu kusan namu ne, da ruwan zafi da kunu, sai dai ba su matsa wa mai jego da ci kamar yadda muke yi. 'Yar Dogon Dutse ce, Hausa ce a bakinta. Tana jin labarin ta ce gobe za ta fito. Sai surukarta ta leƙo daga ƙofa.

"Ba inda za ta. Saura kwana shida ta yi arba'in."

Madam Fati ta fara roƙo, na ce ta bari. Wadda ta zo daga Katsina saboda maganar wata tsohuwa ba za ta taka maganar wata tsohuwar ba. Muka zauna kwana shida. Malam Lawal ya samu wani tela a unguwar yana taya shi yanka, har mutumin ya so ya riƙe shi. Ni kuma kowace safiya sai na je na duba liƙin akwatina. Malam Isufu ya saba, da ya hango ni sai ya ce, "Mai gadi ta iso."

Ranar da ta cika arba'in Madam Fati ta zo da jaririyarta. Ni na goya ta, na tsaya a bayan gilashi ina kallo. Ita ta yanke liƙin, ita ta buɗe kowace kwalba. Aikin ya ɗauki kwanaki, kuma yawancinsa ban gane ba. Amma a ƙarshe ta kira ni ta nuna mini wasu siraran takardu, kowace ta mace ɗaya. Wasu farare fat. Wasu da ɗan layi shuɗi, wasu da biyu.

Ta ce, "Kowane layi iri ne. Ba su da suna, lamba gare su. Da yawa jiki ke korarsu da kansa, mace ba ta ma san sun zo ba. Wasu kuwa in suka zauna shekara da shekaru su ne ke ɓata bakin mahaifa. Sha shida da sha takwas su aka fi tsoro, amma ba su kaɗai ba ne. Shi ya sa ake so a san waɗanda suka fi yawa a kowane gari."

Na tambaye ta, in layin ya fito, mace ta kamu da sankara ke nan? Ta ce a'a, ko kusa. Ma'anarsa a sa mata ido, a sake duba ta, in an ga wuri ya fara canzawa a yi maganinsa tun yana ƙarami. Na tsaya ina kallon layin, bai kai faɗin zaren ɗinkin Malam Lawal ba. Jaririyar ta motsa a bayana, na jijjiga ta.

Kada ku tambaye ni mata nawa ne layi ya fito musu, ko wane iri ya fi yawa. Wannan na likita ne, ita za ta faɗa a inda ya dace. Ni ambulan ɗin sakamako na karɓo a rufe, a rufe na miƙa wa Sista Rifkatu.

Dawowa ba ta yi wuya ba, an cike wajen da ruwa ya ci. Ranar da muka iso ban kwance kaya ba na nufi gidan Gwaggo Delu. Na tarar da mata biyar a tsakar gida, labari ya riga ni. Muka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi Malam. Sannan ta ajiye faifan da ke hannunta.

"Namiji ya gani?"

"Bai gani ba, Gwaggo. Mace ta buɗe a iyaka, mace ta buɗe a Yamai. Kwana shida na jira ta."

"Ya taɓa?"

Tun daga Doso nake shirya amsar nan. Na ce, "Ya taɓa. Ruwa ya cinye hanya, na gwada sau biyu na kasa. Malam ya ɗauka a ka ya ƙetare da ita."

Wata ta fara cewa, "Ai dama na faɗa," Gwaggo ta ɗaga mata hannu.

"A rufe?"

"A rufe."

"Wa ya rufe?"

"Ni. Da zanen Yaya Hajo, ƙulli uku."

Ta daɗe tana kallona. Ita ta yi wa Yaya wankan gawa, ni ina zuba mata ruwa.

Ta ce, "Ranar da muka gama shirya Hajo, wa ya ɗauke ta daga ƙofar ɗaki?"

Ita ta amsa da kanta:

"Maza. Mu muka rufe, su suka ɗauka, ba wanda ya ce an tona ta. Wannan kuwa ba kushewa ya kai ba, wajen magani ya kai." Ta ɗauki faifanta. "Da kin ɓoye mini, da shi ke nan tsakanina da ke. Ki ce wa Rifkatu ta shimfiɗa gado ranar Litinin, ina da surukai biyu da suka ɓuya wancan karon."

Ranar Litinin na je da wuri na share ɗakin. Da na fito kiran layi, surukan Gwaggo suna kan benci. A ƙarshen bencin kuma ga Nafisa, babbar ɗiyar Yaya Hajo, da goyonta, ta sunkuyar da kai. Na karɓi yaron, na buɗe mata ƙofa.